Kafin ka biya kuɗin C63: yadda ake duba motar gudu ta hannu

Motar gudu ba ta wahalar da mai sayarwa. Dillali ba ya buƙatar dogon surutu, tayar da ita kawai zai yi, ya taka totur sau biyu, salansa huɗu su yi ruri har mai saye ya ji ƙirjinsa na amsawa, shi ke nan ciniki ya faɗa. Sai bayan wata biyu za ka tarar da motar a garejin makanike an lulluɓe ta da tamfol, mai ita yana ta buga waya Legas da Dubai neman kayan gyara.

Zan ɗauki mota ɗaya in bi ta daki-daki, domin maganar mota a dunƙule ba ta koya wa kowa komai. Motar ita ce Mercedes C63 AMG (AMG shi ne sashen Mercedes mai haɗa motocin gudu) ƙirar W204, wadda aka yi daga 2008 zuwa 2014, mai ƙofa biyu kuma ta kai 2015. Ana ganinta a Abuja da Kano da Kaduna, samari na sonta, kuma farashinta ya sauko har ya zo inda mai matsakaicin ƙarfi zai fara lissafi. Injinta, wanda ake kira M156, silinda takwas gare shi, girmansa lita 6.2 duk da an rubuta 6.3 a gefenta, ba shi da turbo, wato na'urar da ke tura wa injin ƙarin iska, yana ba da ƙarfin doki 451. A garin Affalterbach na Jamus ake haɗa shi, mutum ɗaya ga injin ɗaya, har da ɗan ƙarfe a samansa mai ɗauke da sa hannun wanda ya haɗa. A irin wannan mota, injin kake saye. Jiki da kujeru da fenti gyara ne aka ɗora maka a kan mudu.

Tun kana gida

Kada ka taka ƙafa zuwa wajen motar sai an turo maka lambar shasi, mai haruffa da alƙaluma 17. Wanda ya ce sai ka zo ka gani da idonka, ka ce masa to, ka nemi wata.

Aikin farko da lambar za ta yi maka shi ne tabbatar da cewa C63 ɗin ce da gaske. Masu gyaran jiki a ƙasar nan sun ƙware, suna ɗaukar C300 su sa mata bamba da bonet da salansa huɗu da tambarin AMG, daga nesa sai ka rantse. Lambar ƙirar C63 mai ƙofa huɗu 204.077 ce, mai ƙofa biyu kuma 204.377, kuma duk shafin intanet da ke fassara lambar shasin Mercedes zai nuna maka wannan tare da lambar injin da aka sa mata a masana'anta. Rubuta lambar injin nan ka ajiye, za mu dawo kanta.

Na biyu, in daga Amurka ko Kanada ta fito, ka biya a ciro maka rahoton Carfax, mai nuna tarihin motar, sannan ka sa lambar a Google. Da yawa daga motocin da ke shigo mana daga gwanjon Copart ko IAAI, kamfanonin da ke gwanjon motocin da suka yi haɗari, aka sayo su, kuma hotunan ranar gwanjon kan daɗe a intanet. Nan za ka ga motar kafin fanel bita ya taɓa ta. Bugun bamba ko ƙofa ba abin tashin hankali ba ne in an faɗa maka gaskiya an kuma rage kuɗi. Bugun da ya kai ga ƙafar shasi, ko ya fasa jakar iska, ko takardar da ke nuna ruwa ya ci motar, wannan kam a bar shi. Guguwar Harvey da ta afka wa Houston a 2017 da ta Ian a Florida a 2022 sun nutsar da motoci masu ɗimbin yawa, kuma irin waɗannan ƙasashenmu ake turo su. Ka kuma dubi adadin tafiyar da rahoton ya nuna a karo na ƙarshe. Motar da ta bar Amurka da mil 120,000 ba za ta iso Kano da 68,000 ba sai da taimakon wani.

Ka same ta a sanyaye

Ka yi alƙawari da mai motar cewa da sassafe za ka zo, kuma kada kowa ya tayar da ita. Ka tafi da makaniken da ya saba da Mercedes, naka na kanka, ba wanda dillali ya ce ya sani a bayan layi ba. Da isarka, kafin dogon gaisuwa, ka buɗe bonet ka ɗora bayan hannunka a kan injin.

Na taɓa raka wani abokina ganin wata baƙa a wani filin sayar da motoci a Abuja. Mun isa wajen ƙarfe tara, na taɓa injin na ji ɗumi. Dillalin ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, wallahi yaro ne ya wanke ta, shi ne ya ɗan matsar da ita inuwa." Makaniken da muka zo da shi bai yi musu ba. Ya ciro biro ya ja ɗan layi a jikin robar ruwan lagireto daidai inda ruwan ya tsaya, ya ce, "Oga, a bar mana ita ta kwana, gobe bayan asuba muna nan." Washegari da aka murza makulli sai da ta yi jijjiga kamar mai zazzaɓi na ɗan lokaci, wani farin hayaƙi mai ƙanshin zaƙi-zaƙi ya fito ta baya, ruwan kuma ya sauka ƙasa da layin biron, ga shi ƙasan motar a bushe ƙarau, ko ɗigo babu. Abokina ya mayar da hularsa, muka yi sallama.

Abin da ya faru shi ne ruwan ya tsiyaye cikin silinda da dare. Wannan ya kawo mu ga babbar cutar wannan injin.

Notunan tof

Dogayen notuna 20 ne ke ɗaure tof silinda biyu da gangar injin, goma a kowane ɓangare. A injunan farko, kan waɗannan notuna yakan ci tsatsa ya karye. Da zarar ɗaya ya karye, ruwan lagireto ya sami hanyar shiga silinda. In kaɗan ne, za ka ga ruwa na raguwa ba tare da yoyo ba, injin na tsalle da safe, da farin hayaƙi. In ya taru da yawa, fistin zai taso ya tarar da ruwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa, sai sandar fistin ta lanƙwashe ko ta fasa gangar injin. Daga nan maganar sabon injin ake yi.

Mercedes ta sauya fasalin notunan wajen 2010 zuwa 2011. Injunan da lambarsu ta ƙare da 060658 ko ƙasa da haka su ne masu tsofaffin. Kada ka dogara da shekarar da aka rubuta a takarda, lambar injin za ka duba, ka kuma sa makanike ya gwada lambar da ke jikin injin da wadda ka rubuto daga gida, don ba mamaki an taɓa sauya injin gaba ɗaya. In lambar ta faɗa cikin tsofaffi, tambayar ita ce ko an canza notunan. Kowane mai sayarwa zai ce an canza. Ka nemi rasit. In babu, akwai hanyar gani da ido: idan aka ɗaga murfin saman injin, tsohon noti rami ne da shi a ka wanda ake zura sifana mai tauraro a ciki, sabon kuwa kansa ne ya fito waje da siffar tauraro, sifana ke hawa kansa.

Ɗaga murfin nan aikin awa ɗaya ne ko biyu, kuma mai mota zai iya ƙi. A nawa ra'ayin, ka ce kai za ka biya kuɗin aikin da na sabon gasket ɗin murfin, ko ka saya ko ba ka saya ba. Wanda ya yarda da motarsa ba zai ƙi wannan ba. In an ƙi, aƙalla a yi gwaji biyu. Na farko a ɗaura famfo a bakin robar ruwa, a matsa iska a bar ta minti ashirin a ga ko allura za ta sauka. Na biyu a yi amfani da shuɗin ruwan gwaji da ake ɗorawa a bakin robar yayin da injin ke aiki, wanda ke rikiɗewa ya koma rawaya in hayaƙin silinda na shiga cikin ruwan. In makaniken yana da 'yar kyamarar nan mai igiya, a cire filogi a leƙa cikin kowace silinda. Fistin da ya fi 'yan uwansa haske kamar an wanke shi, to wanke shi ɗin aka yi, kuma ruwa ne ya wanke shi.

Tunda murfi na buɗe

Jifa ɗaya tsuntsu biyu: kamshaf na nan a gabanka, guda huɗu ne a injin. Wannan ita ce cuta ta biyu, kuma ba ta bar sababbin injuna ba. Ƙusoshin kamshaf da 'yan kofunan tafet da suke dannawa suna cin juna, musamman a motar da ake jinkirta wa juyen baƙin mai ko ake bari ta daɗe a ajiye. Ka haska tocila, ka bi kan kowane ƙuso da farce. Lafiyayye sumul yake kamar madubi. In farcenka na maƙalewa, ko ka ga zane-zane da ƙananan ramuka, ko tsinin ƙuson ya baje, aiki na jiranka, kuma ba mai araha ba.

Kunne ma na faɗa. A tashin farko na safe, ka tsaya a gaban mota, wani ya murza makulli. Ƙarar kaca-kaca ta daƙiƙa ɗaya ko biyu da ke ɓacewa alama ce ta giyoyin da ke daidaita lokacin kamshaf sun fara sakewa. Tik-tik-tik da ke ci gaba bayan injin ya ɗumama kuwa daga tafet ne. Sai dai a yi adalci, nozul ɗin wannan injin da kansa yana da 'yar ƙara siririya mai tsari, kada a ɗauki wannan a matsayin cuta. Nan ne amfanin makaniken da ya saurari irinsa da yawa.

Sauran na saman injin ba su kai waɗannan tsanani ba. Bututun shaƙar iska da ke kwance tsakiyar injin na magniziyam ne, yakan ruɓe daga ciki ya riƙa jan iskar da ba a lissafa ba, sai ka ga silo na hawa da sauka. Bawul ɗin numfashin injin in ya mutu yakan yi fito, motar ta riƙa shan baƙin mai. Tsohon nozul kan maƙale a buɗe ya cika silinda da fetur, don haka ka zaro sandar awon mai ka shinshina. Warin fetur mai ƙarfi a cikin baƙin mai ba alheri ba ne. Gasket ɗin murfi na yoyo, wannan ƙaramin abu ne.

Kowace motar gudu da irin tata lalurar. BMW M3 mai silinda takwas ta 2007 zuwa 2013 metal ɗin sandar fistin ne ke ba ta matsala, da injinan da ke buɗe maƙogwaron iska. Porsche 911 ƙirar 996 kuwa wani boris ne a cikin injin da ake kira IMS. Duk wadda za ka saya, ka fara sanin cutar gidansu kafin ka je.

Abin da muka yi mata a nan gida

In motar ta yi shekara ɗaya ko biyu a hannun wani a ƙasar nan, akwai tambayoyin da Bature ba zai taɓa tunanin yi ba.

Buɗe robar ruwa, injin a sanyaye. Ruwa mai launi ka gani, ko ruwan famfo mai ja-ja-ja? A injin da notunansa ke karyewa saboda tsatsa, zuba masa ruwan leda daidai yake da ba mai ciwon suga rake. Sannan ka lura da fanka. In tana tashi da ƙarfi da zarar an kunna mota, ta kuma ƙi tsayawa, ko dai rewaya ya haɗa ta kai tsaye ko akwai matsalar da ake ɓoyewa. Haka in an yi tafiya mai nisa allurar zafi ta ƙi kaiwa tsakiya, an cire tamostat ke nan, wai don ƙasarmu da zafi. Injin da ba ya kai zafinsa yana shan mai fiye da kima, yana kuma cin kansa a hankali.

Ka tambayi wane baƙin mai ake zuba mata. Tana cin kimanin lita 8.5, kuma mai ƙa'idar Mercedes ta MB 229.5 take so, 0W-40 ko 5W-40. In mai ita ya ce "wanda ake sa wa kowace mota", ka san kaurin nan na 20W-50 aka yi ta ɗura mata, ka koma ka sake kallon kamshaf da kyau.

Sai indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa. Ana cirewa a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki, wani lokaci tun a tashar jirgin ruwa, wani lokaci a gareji ba da sanin mai mota ba. A wannan motar ɓarawon ma yana da mafaka, domin cirewar na ƙara mata ruri, mai saye ya ɗauka ƙarfi ne. Ka duba salansa daga ƙasa, sabon walda a kusa da tukwanen gaba ya isa shaida.

A ɗaga ta sama

Kada ka yarda da leƙe a durƙushe. A kai ta inda akwai rami ko na'urar ɗaga mota, a kwance robobin ƙasa.

Fara da baya. Firam ɗin da ke riƙe da ƙafafun baya a duk W204 ya yi ƙaurin suna wajen ruɓewa daga ciki, musamman a motocin da suka yi zama inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, kamar Kanada da arewa maso gabashin Amurka. Daga waje zai iya yin kyau. A ƙwanƙwasa shi da ƙaramar guduma a wuraren da hannuwan ƙafa ke kamawa, a soka sukundireba. Baƙin fenti sabo a wurin abin zargi ne. A bi bututun birki da ke wucewa ta nan, su ma suna tsatsa.

Tayoyin baya kuwa su ne ke tona asirin mai mota. Kowa ya san wasan mota da ake yi a bukukuwa da filayen bayan gari, a riƙa juya mota wuri ɗaya har hayaƙi ya turnuƙe, kuma C63 na cikin waɗanda aka fi so don wannan. Zura hannu cikin kaskon tayar baya. In ka ji ɓarɓashin roba ya manne kamar ƙanzo, an ƙona taya a nan. Tayoyin baya sababbi fil, na gaba tsofaffi, ga aksil na jiƙe da mai, labarin ɗaya ne. Girman tayar asali a rim 18 shi ne 235/40 a gaba, 255/35 a baya. Alƙaluma huɗu na ƙarshe a lambar DOT da ke gefen taya suna faɗin mako da shekarar da aka yi taya, 2319 na nufin mako na 23 na 2019. A juya kowane rim a duba cikinsa, ramukan titunanmu na fasa su, ana kuma yi musu walda a shafe da fenti.

Faifan birkin gaba milimita 360 ne. Taɓa bakinsa, in ya yi leɓe mai kauri ko akwai tsaga da ta haɗa rami da rami, ya ƙare. Waɗanda ke da ƙarin kayan gudu na masana'anta faifansu gida biyu ne, kuma kuɗinsa na iya sa mutum ya yi shiru. A gaba a duba ƙasan bamba da na'urorin sanyaya mai da ke bayanta, motar gajera ce, tudun rage gudu ba ya raga mata. Sitin injin ma na mutuwa da wuri saboda ƙarfin da yake ɗauka.

Jiki da ciki

Wannan kowane mai sayen mota ya sani, ba zan daɗe ba. Tazarar ƙofofi da bonet ta zo daidai hagu da dama, notunan fenda kada su nuna an taɓa kwance su. Na'urar awon kaurin fenti ta fi maganaɗisu, don akwai aluminiyam a jikin motar. Ɗaga kafet ka shinshina, ka zaro bel ɗin kujera har ƙarshe ka nemi layin laka, ka leƙa ramin but. Ka tabbatar ba mai sitiyarin dama ba ce aka juya. Sa makulli ka cire sau biyar ko shida kana sauraren ɗan zuuu na makullin sitiyari. In yana jinkiri ko kasala, ya kusa mutuwa, ranar da ya mutu kuwa motar ba za ta tashi ba ko da batir sabo ne.

Kwamfuta, sannan titi

A sa mata kwamfutar Mercedes ta ainihi, Xentry, ba 'yar ƙaramar da ake haɗawa da waya ba. A karanta dukkan na'urorin motar. Rashin ganin laifi ko ɗaya a motar da ta haura shekara goma shi kansa abin tambaya ne, don haka a duba ko gwaje-gwajen da birenbos ke yi wa kansa sun kammala. In duk suna nuna ba su gama ba, jiya ko yau aka goge. A gwada tafiyar da ke dashbod da wadda wasu na'urorin suka adana. Kuma idan aka murza makulli kafin tayarwa, wutar cek da ta jakar iska dole su kama sannan su mutu. Wadda ba ta kama ba sam, an rufe ta ne.

A titi, ka yi haƙuri da ƙafarka. Dashbod na nuna zafin baƙin mai, kada ka matsa mata sai ya kai digiri 80 a ma'aunin Selsiyos. Ka fara da tafiyar cikin gari, tsaya-tafi, nan giya ke nuna halinta. Na kafin 2011 giyarsu mai laushi ce, duk wata fizga laifi ce. Na bayan nan suna da giyar MCT mai kulochi, wadda ke da 'yar kakkausar ɗabi'a a ƙaramin gudu, amma bugu mai ƙarfi ko shiga giya a makare ba ɗabi'a ba ce. In ta maƙale a giya ɗaya sai an kashe an kunna, farantin lantarkin cikin giyabos ne. Bayan nan ka sami miƙaƙƙen titi mara jama'a, ka taka sosai sau biyu ko uku, wani na binka a baya yana kallon hayaƙi. Ka taka birki da ƙarfi, sitiyari kada ya yi rawa. Ka dawo ka bar ta tana aiki da AC minti goma sha biyar a rana, ido a kan allurar zafi, sannan a sake sa kwamfuta.

Takardu da kuɗi

Takardar kwastan ta dace da lambar shasi harafi da harafi, kuma ka tantance ta a ofishin kwastan da kanka. A Janairun 2017 aka hana shigo da motoci Najeriya ta iyakokin ƙasa, saboda haka wadda aka ce ta biyo ta Kwatano bayan wannan lokaci sai an yi taka-tsantsan da takardunta. Kada ka ba da kafin alƙalami sai an rubuta cewa za a mayar maka in dubawa ta nuna matsala.

Duk abin da makanike ya gano, a rubuta, a nemo farashin kayan a ranar, a cire daga kuɗin motar. Fashewar ruwa cikin silinda, ruɓaɓɓen firam, da motar ambaliya ba a ciniki a kansu. Sauran duk magana ce ta ragi. Ka kuma yi lissafin mai tun yanzu: tankinta lita 66 ne, hukumar muhalli ta Amurka ta ƙiyasta mata kusan kilomita 5 a lita ɗaya cikin gari, kuma fetur mai ƙarfin oktan 98 aka tsara mata a Turai, wanda ba kowane gidan mai ne zai ba ka ba. In ka saya, kafin ka kai ta gida a yi mata addu'a, ka biya gareji a juye baƙin mai da ruwan lagireto da man giya da na aksil, ko da mai ita ya rantse jiya aka yi.